Shin Fasahar Nano Za Ta Iya Mai Da Dalma Zinariya?

Duk wanda ya shiga layin masu sayar da zinariya a kasuwar Wuse ta Abuja zai ga yadda ake auna ta da tsanaki, ana goga ta a dutse kafin a yi ciniki. Tsadar nan tata ce ta sa tun zamanin da mutane ke mafarkin sarrafa ta daga dalma ko tagulla. Ita kanta kalmar kimiyya daga Larabci aka aro ta, kuma da farko sunan wannan nema ne. Ibn Sina ya ce abin ba zai yiwu ba, iyaka a rina ƙarfe ya yi kama da zinariya.

To, yanzu da ake ta zancen fasahar nano, watau sarrafa abubuwa masu ƙanƙantar kashi ɗaya cikin biliyan na mita, sai tsohuwar tambayar ta dawo. Idan har ana iya jera ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya, me zai hana a juya wani sinadari ya zama wani?

Amsar ita ce ba ta iyawa. Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, kuma yawan furoton da ke cikin cibiyar shi ke nuna ko wane sinadari ne. Zinariya tana da 79, zaiba 80, dalma 82. Fasahar nano kamar magini take, tana jera tubali yadda ta ga dama, amma ba ta sake ƙasar da aka yi tubalin da ita. Cibiyar ta fi ƙwayar ƙanƙanta sau dubu goma ko fiye, kuma ƙarfin da ya ɗaure ta ya ninka na haɗa sinadarai wajen sau miliyan.

Abin da take iyawa shi ne sake halin abu. Idan aka mai da zinariya ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, sai launinta ya koma ja. Jan layin da ke fitowa a yawancin tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro, zinariya ce irin wannan.

Sai dai kuma sinadari yana rikiɗa ta wata hanya, har ma a nan gida. A cibiyar kimiyya ta Sheda, cikin yankin Kwali a kan hanyar Lokoja, an kafa wurin haska amfanin gona don ya daɗe bai lalace ba. Sinadarin kobal-60 da ake aikin da shi yana komawa nikel da kansa, rabinsa cikin shekara biyar da 'yan watanni. A Zariya ma, Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya tun 2004, inda ake gwada ma'adinai a gane abin da ke cikinsu.

Zinariyar fa? An taɓa yi. A 1980 Glenn Seaborg ya samar da 'yan ƙwayoyinta a Amurka. A 2025 kuma cibiyar CERN da ke kusa da Janiba ta ba da sanarwa cewa tsakanin 2015 da 2018 injinta ya mai da dalma zinariya, cibiyoyi wajen biliyan 86. Amma duka ba su kai abin da ido zai gani ba, kuma nan take suka tarwatse. Tsadar aikin ta sa riba ba ta ko kusa.

Saboda haka, jama'a a yi hattara. Duk wanda ya zo da kwalba da dogon Turanci, ya ce a kawo kuɗi zai dafa tagulla ta zama zinariya, to ɗan damfara ne, ko da wane sabon suna ya laƙaba wa dabararsa. Idan an kawo maka zinariya, kai ta wurin maƙeri ya goga a dutse tukuna.