Daga Burmi Zuwa Sawakin: Tafiyar Mai Ƙaramin Guzuri a Sudan

Shirinmu na musamman a yau zai kai mu Sudan, ƙasar hamada da kogin Nilu da gaɓar Bahar Maliya.

Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, akwai wasu matafiya, yawancinsu samarin Turai da Asiya, da ke shiga Sudan da jaka ɗaya goye a baya. Wasu su shigo daga Aswan ta Masar su sauka Wadi Halfa, wasu su ɓullo daga Habasha ta Gallabat. Ba su neman babban otal. Masaukinsu shi ne lakwanda, wato gida mai tsakar gida da aka jera gadajen igiya a fili, ka biya kuɗin gado ɗaya ka kwana kana shan iska. Abincinsu ful, wake ne da aka dafa ya yi luguf, a zuba masa man riɗi, a ci da burodi. Da safe su zauna a kan 'yar kujera gaban mai shayi, galibi mace ce da kurfotinta na gawayi, ta haɗa musu gahawa mai citta. Ruwan sha kuwa kyauta ne, domin a bakin hanya akan jera randuna a inuwa saboda Allah, da moɗa a kai.

A wancan lokacin, wahalar tana wajen takardu da kuɗi. Baƙo sai ya yi rajista da hukuma cikin kwana 3 da shigarsa, kuma saboda takunkumin da Amurka ta daɗe da ƙaƙaba wa ƙasar, katin cirar kuɗi na waje ba ya aiki, dole mutum ya riƙo tsabar kuɗinsa a jiki.

To me suke zuwa gani? Dala. Da yawanmu in an ce dala sai Masar ta faɗo mana a rai, alhali Sudan ta fi Masar yawansu, tana da sama da 200. Mafi shahara su ne na Marawi ta dā, kusa da ƙauyen Bajrawiya, kimanin kilomita 200 arewa maso gabas da Khartum. Kafin yaƙin, mai ƙaramin guzuri yakan hau motar Atbara, bayan an wuce Shandi ya ce a sauke shi a bakin titi, ya taka cikin rairayi. Can zai hango su a jere bisa tudu kamar dalar gyaɗa ta Kano a zamaninta, sai dai waɗannan na jan dutse ne, sirara masu tsini, mafi tsawonsu bai wuce mita 30 ba. Kaburburan sarakunan daular Kush ne, maza da mata, domin sarauniyoyi sun yi mulki a nan. Idan ka matsa kusa za ka ga yawancinsu babu kai. Wani ɗan Italiya mai suna Giuseppe Ferlini ne ya farfasa da yawa daga cikinsu a 1834 yana neman zinariya. Ya kuwa samu ta Sarauniya Amanishakheto, kuma yau kayan adon nata suna gidajen tarihi na Munik da Balin a Jamus. Wannan ɓarna ce da ba ta da gyara, kuma duk ɗan Afirka ya kamata ta yi masa ciwo.

Daga nan sai Karima, inda dutsen Jabal Barkal yake tsaye shi kaɗai a fili. Daga wannan yanki sarakunan Kush suka fita suka ci Masar da yaƙi. Ɗaya daga cikinsu, Taharka, ya yi mulki daga shekara ta 690 zuwa 664 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma dalarsa tana Nuri, a tsallaken kogi.

Amma jama'a, ga abin da ya sa muka zaɓi Sudan ba wata ƙasa ba. Tun kafin baƙin nan su san hanyar, kakanninmu sun ratsa ta da ƙafa, da sanda da gora da buzu. A nan jiharmu ta Gombe, a Burmi kusa da Bajoga, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a hannun Turawan Ingila ranar 27 ga Yuli, 1903, yana kan hanyar hijira zuwa gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka ci gaba, har suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Sunan garin Mai Wurno har gobe, kuma ana jin Fulatanci da Hausa a cikinsa.

Bayansu maniyyata suka yi ta bin sawu: Maiduguri, Fot Lami wadda yanzu ake kira Njamena, Abeshe, Adare, sai Jinaina, Fashir, Ubayyid. Guzuri in ya ƙare ba a komawa gida. Mutum ya tsaya ya yi ga-ruwa, ko ɗinki, ko yankan farce, ko ya shiga tsinkar auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925, ya tara abin da zai kai shi zango na gaba. Wani ya yi shekara biyu a hanya, wani bakwai, wani ya yi aure ya hayayyafa a can, jikokinsa su ne ake ce wa Fallata. Ni a ganina babu matafiyin da ya kai waɗannan bayin Allah sanin yadda ake tafiya da ƙaramin guzuri. Sun kuma samu mutanen da suka san darajar baƙo: a yankin Jazira, da azumi, in magariba ta kusa, mutanen ƙauye sukan fito su tare titi su tsayar da motoci, su shimfiɗa tabarmi, ba mai wucewa sai ya sha ruwa.

Ƙarshen tudu shi ne Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa a kan wani ɗan tsibiri zagayayye. An gina gidajenta da murjanin teku da aka sassaƙa, wasu hawa biyu wasu uku, da tagogin katako masu ado. Da Turawa suka gina Bur Sudan a arewacinta daga 1905, sai ciniki ya koma can, Sawakin ta zama kufai, bangayenta suka riƙa zubewa. Duk da haka daga nan jirgin ruwa ke ɗaukar fasinja zuwa Jidda. Ɗan yawon buɗe ido yakan ci soyayyen kifi a bakin ruwa ya ɗauki hoto, shi kuwa wanda ya baro Gombe shekaru da suka wuce, a nan yake fara ganin teku, ya san Ka'aba ta kusa.

Yanzu sai magana mai nauyi. Tun ranar 15 ga Afrilu, 2023 ake gwabzawa tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hamidti. Miliyoyin mutane sun bar gidajensu. An yi kisan gilla a Jinaina, Fashir ta sha kawanya fiye da shekara guda, an wawashe babban gidan tarihi na Khartum. Kun tuna yadda ɗalibanmu suka kwana da kwanaki a kan iyakar Masar kafin a kwaso su. Saboda haka duk matashin da shirin nan ya kwaɗaita masa tafiya, ya dakata, kada wani dillali ya ruɗe shi da hanyar ƙasa mai arha. Wanda ƙafarsa ke ƙaiƙayi ya fara da Burmi, ya ziyarci kabarin Sarkin Musulmi, tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo.

Muna kuma roƙon duk gidan da ke da dattijo ko dattijuwar da ta yi aikin Hajji ta ƙasa, ko masu 'yan uwa a Mai Wurno, su tuntuɓi wannan tasha domin mu naɗi labarinsu mu sa a shiri na gaba. Allah ya zaunar da Sudan lafiya.