Allurar Sinawa da Ƙahon Wanzamanmu

A Tursa da sauran garuruwan Rabah, Wurno da Goronyo, ba wanda bai san wanzami da zabirarsa ba. In baya ya riƙe wa manomi, sai wanzami ya yi masa 'yar tsaga da aska, ya kafa ƙaho, ya zuƙe abin da muke kira mataccen jini. Mu kan ce sanyi ya kama wane, ko zafi ya yi masa yawa. Ke nan a ganinmu lafiya ita ce daidaito, cuta kuwa rinjayen abu guda ne a kan ɗan'uwansa. Sha'anin magani tsohon abu ne a nan, gama Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya rubuta littattafai a kansa, har da na maganin basir.

Mutanen ƙasar Sin ma suna da irin wannan tunani. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, masanansu suka rubuta cewa akwai wani ƙarfin rai, wai shi "ci", mai gudana cikin jiki ta manyan hanyoyi 12, kamar yadda ruwa ke bin magudanai a fadamar noman rani. Suka ce ƙarfi biyu ne ke riƙe da jiki: "yin", mai sanyi da natsuwa, da "yang", mai zafi da motsi. In hanya ta toshe, ko ɗayansu ya rinjayi ɗaya, sai ciwo ya zo. Don a buɗe hanyar, sai mai magani ya soka siraran allurai a wurare sanannu, waɗanda yawansu ya kai 361. Allurar ba ta ɗauke da ruwan magani. Turawa suna kiran wannan aiki akufanca. Ya yi suna a Amurka daga 1971, lokacin da aka yi wa wani ɗan jarida, James Reston, tiyata a Beijin, aka kuma rage masa zafin bayanta da allurai.

To, me bincike ya nuna? Likitoci ba su ga waɗannan hanyoyi a jikin mutum ba. Amma gwaje-gwaje sun nuna cewa allurar ta kan sauƙaƙa wa waɗansu ciwon baya, na gwiwa da na kai wanda ya daɗe. Ana zaton sukar ce ke sa jiki ya saki sinadaransa masu kashe zafi.

Sai dai mu lura. Allura ko ƙaho ba sa kashe ƙwayar cuta. Zazzaɓin cizon sauro, tsargiya da tarin fuka na asibiti ne, jinkiri kuwa ya kan ci rai, musamman na yara. Har wa yau, aska ko allurar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, in mun koma gida hutu, mu gaya wa iyayenmu cikin ladabi: kowa ya tafi wurin wanzami da sabuwar rezarsa, mai zazzaɓi kuwa a kai shi a auna jininsa tun da wuri. Daidaiton da kakanninmu suka nema, mu neme shi a abinci, aiki da barci. Rigakafi ya fi magani.