Ana Motsa Jiki, Amma Tumbi Ya Ƙi Sauka

Ƙorafi ne da ake yawan ji daga bakin waɗanda suka haura shekara arba'in: "Wallahi kullum bayan asuba sai na zaga unguwa, na dawo sharkaf da gumi, amma in na hau sikeli kamar ban yi komai ba." Da farko nauyin kan ɗan sauka, sai ya tsaya cak. Daga nan mutum ya yanke hukunci cewa girma ne ya zo, jiki ya daina ƙona abinci, ya tura takalmin gudu ƙarƙashin gado.

Laifin da ake ɗora wa shekaru ya yi yawa. A 2021 mujallar Science ta buga wani bincike da Herman Pontzer na Jami'ar Duke a Amurka ya jagoranta, wanda ya tattara bayanan mutum fiye da 6,400 daga ƙasashe 29, tun daga jaririn kwana takwas har tsoho ɗan shekara 95. An gano cewa, in aka yi la'akari da girman jiki, yawan kuzarin da mutum ke ƙonawa kusan a tsaye yake daga shekara 20 zuwa 60. Sai bayan sittin yake fara raguwa, shi ma da ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari a shekara.

Abin da ya sauya shi ne zaman rayuwa. Saurayin da ke taka sayyada har kasuwa yanzu ya zama maigida mai mota da yaran aike, ko ruwan alwala kawo masa ake yi. Ya motsa na rabin awa da safe, sannan ya wuni a kan kujerar ofis ko bencin shago. Ga kuma tsoka, wadda kan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma bayan an haura talatin, musamman ga wanda ba ya aikin ƙarfi. Kitse ne ke maye gurbinta.

Akwai kuma wayon da jiki ke yi. Shi wannan Pontzer ɗin, a 2012, ya auna mutanen Hadza na arewacin Tanzaniya, masu rayuwa da farauta da tonon saiwoyi, waɗanda ke wuni suna tafiya a daji. Kowa zai zaci sun fi mazauna biranen Turai da Amurka ƙona kuzari nesa ba kusa ba. Da aka auna, sai ga shi kusan ɗaya suke. Jiki ba ya son asara: ka ƙara masa aiki ta nan, ya yi tsimi ta can. Wani binciken na 2021 ya ƙiyasta cewa jiki kan maido da kusan kashi 28 cikin ɗari na abin da aka ƙona a motsa jiki ta hanyar rage kashewa a wasu ayyukansa. Sannan duk kilon da ya sauka, ƙaramin jikin da ya rage ya fi na da ƙarancin buƙata, shi ya sa abincin da ya rage maka nauyi a watan farko yake riƙe ka wuri ɗaya a wata na huɗu.

Yanzu mu yi lissafi, don a nan gizo ke saƙar. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin kuzari, kusan 7,700. Tafiya da sauri ta rabin awa tana cin kimanin 150. Gorar lemo ɗaya mai rabin lita ta haura 200, kuma sugan cikinta ya fi ƙaramin cokali goma sha biyu. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, mu kuwa da ludayi muke kwarara shi a tukunya. Dubi wanda ya dawo daga zagayensa ya tsaya wurin mai shayi: a haɗa mai kauri, madarar gwangwani har sai ya yi fari, suga cokali huɗu, burodi da wainar ƙwai tana naso a takarda. Kafin ƙarfe takwas ya mayar da abin da ya ƙona ninki-ba-ninki, kuma zuciyarsa fes, ai ya yi gumi. Ban ce shayi haramun ne ba, amma ba a lissafa shi, kamar yadda ba a lissafa tsiren dare da furar da aka zabga wa suga.

Mata suna da nasu ƙarin. Ɗaukewar al'ada, wadda galibi ke zuwa tsakanin shekara 45 da 55, tana sa kitse ya koma taruwa a ciki, barci kuma ya rikice. Ƙarancin barci kuwa, ga mace da namiji, yana buɗe ciki ya sa kwaɗayin zaƙi. Wasu magunguna, irin su prednisolone da insulin, suna ƙara nauyi, haka ma raunin halittar nan ta maƙogwaro da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Wanda ke fama da kasala da jin sanyi da ƙiba ba gaira ba dalili, ya ga likita, kada kuma ya daina shan magani da kansa. Shayin rage ƙiba da ake talla a waya, da yawansa gudawa da fitsari yake sawa. Ruwa ne ke fita, kitse yana nan daram.

Duk da haka, wanda ya bar motsa jiki don sikeli ya ƙi motsi ya yi babbar asara. Tafiyar nan tana sauke hawan jini, tana taimaka wa jiki sarrafa suga, tana rage kitsen da ke lulluɓe kayan ciki, ko da nauyi bai ragu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Wannan na biyun shi muka fi sakaci da shi, alhali tsugunno da tashi, tura bango, ko ɗaga jarkar ruwa sun isa a fara.

Ka ci gaba da fita, amma ka mayar da ido kan kwano: rage malmala, ƙara ganye da wake, a auna mai da cokali, lemo ya zama na ranar biki. Sannan ka ari tef ɗin tela ka auna cikinka daidai saitin cibiya sau ɗaya a wata. Abin da ake so shi ne kada awon ya kai rabin tsawonka.