Tsirkiyar Ƙarfe ko ta Nailan: Wacce ta Dace da Jitar Garwa?

Matasan Garwa da ke koyon jita sukan ɗauka kowace tsirkiya za ta hau kowace jita. Wannan zato ya lalata kayan kiɗa masu tsada. Tsirkiyoyin ƙarfe shida, idan aka ɗaure su daidai, suna jan jikin jita da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70, na nailan kuwa kusan rabin haka. Jitar da aka ƙera don nailan katakonta siriri ne, kuma galibi babu sandar ƙarfe a cikin wuyanta. Ka ɗora mata ƙarfe, sannu a hankali wuyan ya lanƙwashe, jakin da ke riƙe tsirkiya ya fara ɗagawa, wata rana ya ɓalle.

Nailan ba tsohon abu ba ne a jita. A da, da hanjin dabba ake yin tsirkiya, har yaƙin duniya na biyu ya kawo ƙarancinsa. Albert Augustine a birnin New York ya gwada zaren kamfanin DuPont, makaɗin Sifen Andrés Segovia ya mara masa baya, kafin 1950 abin ya karɓu. Mu ma nan haka ta faru: masu garaya da molo da yawa sun koma igiyar kamun kifi, wadda ba ta yankewa a kasuwa saboda masuntan Binuwai da Lagdo. Goge ne ya tsaya kan izgar doki.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Laimar damina da gumin yatsu suna sa ƙarfe tsatsa. Zafin Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 40, yana sa nailan ya riƙa sauya murya. Hunturu ya fi su ɓarna, domin katakon kansa yake tsagawa.

A ganina, mai kiɗa a filin biki ko tsakar gida ƙarfe ya fi masa. Muryarsa tana da kaifi, tana ratsa hayaniya, tana kuma kusa da amon molo, kamar yadda ake ji a kiɗan Ali Farka Touré na Mali. Yatsu za su yi zafi kafin su yi kanta, wannan dole ne. Nailan ya fi wa yaro mai koyo sauƙi.

Kafin ka sayi tsirkiya, ɗan'uwa, duba jakin jitarka. Idan ƙulla zare ake yi a jikinsa, ta nailan ce, kada ka kusanto mata ƙarfe.