Na'urar rage tumbi: tana aiki kuwa?

Duk mai zuwa fatauci Damagaram ko Kano ya ga waɗannan kaya, kuma ana yawan tallarsu a waya. Akwai wata ƴar ƙafa irin ta baro mai mariƙi biyu, mutum ya durƙusa yana tura ta gaba yana jawo ta. Akwai kuma ɗamara mai batir, a ɗaura a ciki tana ta karkarwa. Masu sayarwa sun ce cikin ƴan makonni tumbi zai zube. Kafin mutumin Matameye ya kwance lalitarsa, ya kamata ya san abin da zai saya.

A cikin mutum akwai tsoka, akwai kuma kitse. Wani kitsen yana ƙarƙashin fata, wani yana can ciki kewaye da hanji da hanta. Kitse shi ne rumbun jiki. Abincin da aka ci bai ƙone da aiki ba, nan jiki yake ajiye shi. Kowane manomi ya san rumbu ba ya raguwa sai abin da ake ɗiba ya fi abin da ake zubawa. Kuma idan jiki ya tashi ɗiba, ba ya zaɓen wurin da ake motsawa. Daga ko'ina yake ɗauka.

An gwada wannan magana. A shekarar 2011, masana a wata jami'a ta jihar Ilinoyi a Amurka sun bayyana gwajin da suka yi da mutum 24. Wasunsu sun yi mako 6 suna motsa ciki, kwana 5 a kowane mako. Da aka auna su, tsokar cikin ta ƙara juriya, amma kitsen yana nan yadda yake. Ita kuwa ɗamara mai batir, tun a 2002 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kai wasu masu sayar da ita kotu, saboda alkawarin ƙarya da suke yi wa mutane.

Ba a ce ƴar ƙafar ba ta da amfani ko kaɗan ba. Tana ƙarfafa tsoka. Sai dai mai ciwon baya ya yi hattara da ita, haka ma mace mai jego, har sai ta ji ta bakin ungozoma ko likita.

To, mene ne yake rage tumbi? Aikin da yake motsa jiki duka, da rage abin da ake ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau 5. Wanda ya wuni da hauya a gonar gero, ko yana ban ruwan rake a fadama, ya wuce haka nesa. Haka macen da take daka tana jan guga. Maganar ta fi shafar mai zaman shago ko ofis, wanda ko masallacin unguwa sai a kan babur. Shi ne zai koma tafiyar ƙasa, ya rage sukari a shayi, da lemon kwalba, da soye-soye. Ya ari abin awon tela ya auna cikinsa wajen cibiya. Idan namiji ya haura santimita 102, ko mace ta haura 88, hatsarin ciwon sukari da hawan jini ya yi yawa.

Ga abin da ya fi muhimmanci a karkararmu. Ba kowane babban ciki ne kitse ba. Yaron da cikinsa ya yi tulu, hannuwansa sun rame, ko ƙafafunsa sun kumbura, wataƙila tamowa ce ko tsutsar ciki. Babban da yake ramewa amma cikinsa yana ƙaruwa, yana iya zama ruwa ne ya taru saboda ciwon hanta, ko saifa ce ta kumbura. Irin wannan ciki ba a ɗaure shi da ɗamara, ba a kuma jira a gama aikin damina. A kai mai shi gidan likita mafi kusa, ko asibitin Matameye, a duba shi.