Tsarabar Hajji: Dalilan ƙayyade nauyin kayan alhazai

A duk shekara idan aka fara jigilar alhazan Nijeriya zuwa gida, akan bar tulin kaya a masaukan Makka da kuma filin jirgin saman Jidda: barguna, da butocin shayi, da jarkokin zamzam, da kwalayen dabino, waɗanda masu su suka saya da kuɗinsu amma sikeli ya hana su tahowa da su.

Ga alhajin da ya fito daga gari irin Nasarawa Burkullu, a ƙaramar hukumar Bukkuyum ta jihar Zamfara, wannan asara ba ƙarama ba ce.

Yawancin maniyyatan wannan yanki, har zuwa Anka da Gummi, manoma ne da 'yan kasuwa da masu kiwo, waɗanda sukan sayar da hatsi ko shanu, ko su yi shekaru suna tari, kafin su haɗa kuɗin kujera. A shekarar 2025 kuɗin kujerar ya haura naira miliyan 8 a jihohin arewa.

Kuma duk wanda ya tafi ya san cewa idan ya dawo gida zai cika da masu barka da sauka, kowa yana sa ran ko da ƙwayar dabino da kurɓin zamzam ne.

Nawa aka yarda a ɗauko?

Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa da dokar shekarar 2006, ita ce ke ƙulla yarjejeniya da kamfanonin jiragen sama, kuma a cikin yarjejeniyar ne ake fayyace nauyin kayan da kowane alhaji zai ɗauko ba tare da ƙarin biya ba.

Shekaru da yawa ma'aunin da alhazai suka saba da shi shi ne babbar jaka mai nauyin kilo 32 wadda ke shiga cikin cikin jirgi, da ƙaramar jakar hannu mai kilo 8. Hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi ne ke raba jakunkunan, iri ɗaya, ɗauke da sunan jiha.

Adadin jakunkuna da nauyinsu na iya sauyawa daga shekara zuwa shekara, gwargwadon ƙa'idar hukumomin Saudiyya da yarjejeniyar da aka yi da kamfanoni. Saboda haka abin da aka sanar a wajen bita a shekarar tafiya shi ne abin dogaro, ko da ya saɓa wa abin da wani tsohon alhaji ya sani.

Kilo 32 ɗin ma yana da asali. Shi ne iyakar nauyin jaka guda da akasarin filayen jiragen sama na duniya ke karɓa, domin kare lafiyar ma'aikatan da ke ɗaga kaya da hannu. Jakar da ta wuce haka ba a karɓarta ko da mai ita ya yarda ya biya, sai dai ya rage.

Me ya sa ake tsanantawa?

Kowane jirgin sama yana da iyakar nauyin da zai iya tashi da shi, wanda ya haɗa da gangar jikinsa, da mai, da fasinjoji, da kaya. Idan ɗaya ya ƙaru, dole ne wani ya ragu.

Misali, idan jirgi ya ɗauki alhazai 500, kuma kowannensu ya ƙara kilo 10 kacal a kan abin da aka yarje masa, an samu ƙarin kilo 5,000 ke nan, watau tan biyar. Wannan ya kai nauyin alhazai fiye da 40 tare da kayansu.

Zafi ma yana da nasa tasiri. Iska mai zafi ba ta da kauri kamar mai sanyi, don haka fukafukan jirgi da injinansa ba sa samun ƙarfin da suke samu a lokacin sanyi, sai jirgin ya buƙaci gudu mai tsawo kafin ya ɗaga. A shekarun baya-bayan nan aikin Hajji ya riƙa faɗowa cikin tsananin bazarar Saudiyya, inda a 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka.

Sai kuma nisan hanya. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Nijeriya sun koma yin zagaye, abin da ya ƙara sa'o'in tafiya da yawan man da ake ɗauka.

Ban da jimillar nauyi, akwai yadda ake rarraba shi. Kafin jirgi ya tashi sai an lissafa nauyin da ke gaba da wanda ke baya, kuma da wannan lissafi ne matuƙi ke daidaita jirgin. Kayan da aka ɓoye ba a auna ba suna ɓata lissafin.

Mutanen tsohuwar jihar Sakkwato, wadda aka cire Zamfara daga cikinta a 1996, ba su manta da ranar 11 ga Yulin 1991 ba, lokacin da jirgin da ya ɗauko alhazai zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda, mutane 261 suka rasu. Bincike ya ɗora alhakin hatsarin a kan tayoyin da ba su da isasshiyar iska, waɗanda suka fashe suka kama da wuta, bai ɗora shi a kan yawan kaya ba. Amma ya nuna cewa ƙaramin sakaci a lokacin tashi na iya zama babbar musiba.

Batun zamzam

Babu abin da ya fi jawo jayayya a wajen awo kamar ruwan zamzam.

Ƙa'idar hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Saudiyya ita ce ba a sa zamzam a cikin jakar da za ta shiga cikin jirgi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma jarkar da ba a rufe ta a masana'anta ba tana iya fashewa a ƙarƙashin nauyin wasu jakunkuna ta jiƙa kayan jama'a.

Abin da aka tanada shi ne lita biyar ga kowane alhaji, a cikin mazubi na musamman da aka like a masana'antar zamzam da ke Kudai a Makka, wadda aka buɗe a 2010. Jiragen da suka kai maniyyata sukan ɗauko ruwan a lokacin da suke komowa Nijeriya babu fasinja, sannan a raba wa alhazai bayan sun sauka.

Duk da haka wasu sukan naɗe gorunan zamzam cikin bargo ko darduma su cusa a tsakiyar jaka. Na'urar binciken kaya tana nuna ruwa ƙarara. Idan aka gani, akan ware jakar a buɗe ta a fitar da ruwan, wani lokaci a bayan idon mai ita, kuma tana iya rasa jirgin da mai ita ya hau.

Jakar hannu ma ba mafita ba ce. Tun shekarar 2006, bayan da 'yan sandan Birtaniya suka bankaɗo wani shiri na tarwatsa jirage da abubuwan fashewa masu ruwa-ruwa, akasarin filayen jiragen sama suka hana shiga jirgi da mazubin ruwa da ya wuce mililita 100. Wannan ya shafi turare, da zuma, da man zaitun, da man habbatus-sauda, waɗanda alhazai ke yawan saye.

Yadda ake awo

Ana auna manyan jakunkuna ne a masaukin alhazai a Makka, kwanaki kaɗan kafin tashi, sannan manyan motoci su wuce da su filin jirgi.

A nan ne matsalar ke farawa. Bayan babbar jaka ta tafi, alhaji yana da sauran kwanaki da sauran guzuri, kasuwa kuma tana ƙofar masauki. Duk abin da ya saya daga wannan lokaci jakar hannu zai shiga, sai jakar kilo 8 ta koma kilo 15, ga ƙunshi a hannu, ga wani a ka.

Tantance irin waɗannan kaya yana cin sa'o'i. A lokacin jigilar alhazai kowane jirgi yana da lokacin tashin da aka ware masa a Jidda ko Madina, kuma idan ya wuce sai an sake ba shi wani. Jinkirin jirgi ɗaya yakan shafi na bayansa, alhazan wata jiha su ƙara kwana suna jira alhali guzurinsu ya ƙare.

Hanyoyin kauce wa asara

Hanya ta farko ita ce awo tun a ɗaki. Ƙaramin sikelin rataye ba shi da tsada, kuma guda ɗaya ya ishi 'yan ɗaki ɗaya. Masu tafiya da yawa sukan bar ratar kilo ɗaya, domin sikeli yakan bambanta da sikeli.

Ta biyu ita ce rage kayan tafiya. Tufafi da garin kunu da ƙanzo da yajin da aka tafi da su, duk abin da ya rage daga cikinsu yana cin gurbin tsaraba a dawowa.

Ta uku ita ce jigilar kaya ta daban. Hukumar alhazai takan ba wasu kamfanoni lasisin ɗauko rarar kayan alhazai, ana biya a kan kowane kilo, kayan kuma su iso bayan mai su. Abin lura shi ne a tabbatar kamfanin yana cikin waɗanda hukuma ta amince da su a wannan shekara, a karɓi rasit, a kuma san garin da za a karɓi kayan. Ga mutumin Bukkuyum ko Gummi, kayan da aka sauke a Kano ko Abuja wata tafiyar ce da wani kuɗin motar.

Ta huɗu ita ce lissafi. Yawancin dardumomi da carbi da huluna da barguna da ake sayarwa a kasuwannin Makka da Madina daga Sin da Turkiyya da wasu ƙasashen Asiya ake kai su. Irinsu suna nan a Kantin Kwari da kasuwar sansanin alhazai a Kano, da babbar kasuwar Sakkwato. Idan aka haɗa farashin bargo da kuɗin jigilar kilo uku ko huɗu, sau da yawa sayensa a gida ya fi sauƙi. Shi ya sa alhazai da dama ke ɗauko abin da ya keɓanta da can, kamar dabinon Madina, su cike sauran tsarabar a gida.

Kuɗi, da gwal, da magunguna, da takardu, a jakar hannu ake sa su. Haka ma batiran ajiyar caji na waya, waɗanda ƙa'idar jiragen sama ta hana sa su a cikin babbar jaka saboda suna iya kamawa da wuta.

Haɗarin riƙe wa wani kaya

Wata dabara da ta zama ruwan dare ita ce mai kaya da yawa ya roƙi wanda jakarsa ba ta cika ba ya ɗaukar masa. Tsakanin miji da mata ko 'yan gida ɗaya wannan ba ya zama matsala. Da baƙon fuska kuwa, kasada ce babba.

A idon doka, jaka ta wanda sunansa ke jikinta ce. Saudiyya tana yanke hukunci mai tsanani a kan safarar miyagun ƙwayoyi, har da kisa, kuma hukumomin alhazai sun sha gargaɗin maniyyata cewa ko goro ba a yarda a shiga da shi ba.

A watan Disambar 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Nijeriya a Madina bisa zargin shiga da ƙwayoyi. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya gano cewa wasu ne a filin jirgin saman Kano suka liƙa sunanta a jikin jakar da ba tata ba.

Darasin da jami'ai ke maimaitawa tun daga lokacin shi ne matafiyi ya ƙirga jakunkunansa, ya duba cewa yawan 'yan takardun shaidar kaya da aka ba shi ya yi daidai da su, ya kuma adana takardun har ya isa gida.

Idan jaka ta ɓata

Nijeriya da Saudiyya duk suna cikin Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin kayan da ya karɓa. Diyyar tana da iyaka, wadda tun ƙarshen 2024 ta kai kimanin dalar Amurka 2,000 ga kowane fasinja.

Yarjejeniyar ta ba da kwana bakwai a kai ƙorafi a rubuce idan jaka ta lalace, da kwana 21 idan ta yi jinkiri. Alhazan Zamfara sun shafe shekaru suna sauka a filin jirgin saman Sultan Abubakar na Uku da ke Sakkwato, kuma mai gaggawar kama hanya don ya isa gida kafin duhu, musamman saboda matsalar tsaro a hanyoyin yammacin jihar, yakan bar filin bai kai rahoto ba. Sanar da jami'in ƙaramar hukuma da ma'aikatan kamfanin tun kafin a fita shi ne ke sauƙaƙa neman haƙƙi daga baya.

Ba alhazai kaɗai ba

Rigimar kaya da kamfanonin jiragen sama ta game duniya. A 2008, lokacin da farashin gangar mai ya kai dala 147, manyan kamfanonin Amurka suka fara cajin fasinja a kan jakarsa ta farko. A 2023 kuɗin da suka tara daga kaya kaɗai ya haura dala biliyan 7.

Masu wasan sulu a kan teku, waɗanda ke tsayawa a kan allo wata ƙatuwar lema tana jansu da ƙarfin iska, sun shahara da wata dabara. Da yake kamfanoni da yawa suna sassauta wa kayan wasan golf, sai aka riƙa ɗinka musu jakunkuna masu kama da na golf, su zuba allo da lemarsu a ciki su nufi gaɓar tekun Masar ko Maroko. Idan ma'aikaci ya buɗe ya gani, sai su biya cikakken kuɗin.

Bambancin shi ne ɗan wasan da aka kama yakan ciro katin banki ya biya ya wuce. Alhajin da guzurinsa ya ƙare, babbar jakarsa kuma ta riga ta tafi, zaɓinsa ɗaya ne: ya ajiye kayan a inda aka tsayar da shi.