Gargaɗi ga Iyaye: Ɗaurin da Ya Matse Yana Kashe Hannun Yaro Cikin Dare Ɗaya

Iyaye, ku saurara. In mangwaro ya fara nuna, yara sukan koma saman bishiyoyi. Daga lokacin har faɗuwar damina, da wuya a sami unguwar da ba za a ji yaro ya faɗo ya dafa ƙasa da tafin hannu, ƙashi ya karye a saman gwiwar hannunsa ba. Karaya ce da ake warkewa sarai, yaro ya koma wasansa cikin 'yan makonni. Duk da haka akwai yaran da za su rasa hannu, kuma ɗaurin da za a yi musu bayan faɗuwar ne zai raba su da shi.

Na gani da idona a gidan maƙwabcina. Ɗansa mai shekara takwas ya faɗo da la'asar, kafin magariba an kai shi wurin mai ɗori. Aka ja hannun, aka jera karare, aka naɗe da tsumma, aka ɗaure tamau. Daren nan ba wanda ya runtsa a gidan saboda ihun yaron. Uwar ta ce, "Malam, ko a ɗan sassauta masa?" Uban ya ce mai ɗori ya hana a taɓa sai bayan kwana bakwai, ai ƙashi ne ke kamawa. Washegari da yamma yaro ya yi shiru, kowa ya ce alhamdulillahi, sauƙi ya samu. Ni ma da na shiga dubiya haka na faɗa. Na ga yatsun sun kumbura sun yi sulɓi kamar an hura su, faratan sun yi duhu, na taɓa na ji sanyi, amma ban san abin da nake kallo ba. A kwana na biyar wari ne ya sa aka kwance. A asibiti aka yanke hannun daga saman gwiwa. Har yau in na gan shi yana ɗaure mazagin wando da haƙori da hannu ɗaya, sai in tuna na tsaya a kansa na yi masa sannu na fita.

Ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin tsumman nan, domin wanda ya fahimce shi ba zai jira gari ya waye ba.

Duk naman da ya ji rauni sai ya kumbura. Haka Allah Ya tsara jiki: ƙananan jijiyoyin jini suna buɗewa, ruwa da ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta su kwararo wurin don gyara. Shi ya sa wurin ke yin ɗumi da ja da zogi. Ƙashin da ya karye kuma jini yake zubarwa a ciki. Wannan kumburi ba ya gama tashi a awa ɗaya, yana ta ƙaruwa har kwana biyu ko uku. Ɗaurin da ya zauna daidai da la'asar, kafin tsakar dare ya zama shaƙa.

Tsokar hannu da ta ƙwauri kuwa ba a sake take ba. Wanda ya taɓa fiɗar ragon layya ya san farin tantanin nan mai tauri da ke lulluɓe da nama, wanda sai an sa wuƙa yake rabuwa. Mu ma muna da shi, ya raba tsokarmu ɗaki-ɗaki, kuma ba ya miƙewa. In tsoka ta kumbura a ciki, tantani ya tare ta, ga kuma kara da tsumma sun danne ta daga waje, ba inda za ta. Jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya su ne ke fara toshewa, domin bangonsu ba kauri. Jini na shiga ba ya fita, kumburi ya daɗu, matsi ya daɗu, har ƙananan hanyoyin da ke kai wa tsoka iskar oksijin su ma su rufe. Daga nan an fara ƙidayar lokaci. Tsokar da ta rasa jini takan jure awa huɗu zuwa shida. In aka kai awa takwas, yawancinta ta mutu, kuma naman da ya mutu babu allura ko addu'ar da aka san tana dawo da shi.

In wani ɓangare ne ya mutu, jiki yakan maye gurbinsa da tabo mai tauri, tabon ya tsuke, wuyan hannu ya lanƙwashe, yatsu su ƙanƙame kamar ƙafar kaza har abada. Wani likitan fiɗa Bajamushe, Richard von Volkmann, ya bayyana wannan nakasa tun 1881, ya kuma ɗora laifin a kan ɗaurin da ya matse. Sunansa take ɗauke da shi har yau a littattafan likitoci. In kuwa hannun gaba ɗaya ne ya rasa jini, sai ya yi baƙi ya fara ruɓewa. Ƙwayoyin cuta su sami abinci, gubarsu ta shiga jini, zazzaɓi ya rufe yaro, fitsari ya ragu ya yi duhu saboda ƙoda ta fara gazawa. A wannan mataki maganar hannu ta wuce, rai ake ƙoƙarin ceta.

Gwiwar hannun yaro ta fi ko'ina haɗari. Babbar jijiyar da ke kai jini ga hannu a gaban ƙashin da ke saman gwiwar take wucewa, kusa da jijiyoyin da ke motsa yatsu. Bakin ƙashin da ya karye yana iya danne ta ko ya yage ta. Mai jan hannu ba tare da hoton ƙashi ba, komai ƙwarewarsa, laluben duhu yake yi.

To, me za ku duba? Alama ta farko ciwo ne da ya wuce misali, wanda ke ƙaruwa maimakon raguwa bayan an ɗaure. Karayar da aka tsayar da ita daidai, ciwonta sauka yake yi. Ku kama yatsun yaro ku miƙar da su a hankali. In ya ƙwalla ƙara kamar an soka masa wuƙa a tsakiyar hannu, tsoka ce ke shaƙewa. Ku danna farce har ya yi fari, ku saki. Ya kamata jini ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Ku gwada da ɗaya hannun, ku ji ko ɗuminsu ɗaya. Ku tambaye shi ko yana jin kamar tururuwa na bin yatsunsa, ko sun yi masa nauyi kamar ba nasa ba. Kada bugun jini a wuyan hannu ya ruɗe ku, domin yakan ci gaba da bugawa alhali tsoka na mutuwa. Abin da ya fi komai yaudarar iyaye kuwa shi ne shirun nan. Yaron da ya kwana yana ihu, sannan ciwo ya ɗauke haka kawai, yatsu ba sa ji ba sa motsi, jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo ne suka mutu.

Da ganin ɗaya daga cikin waɗannan, ku kwance ɗaurin nan take, duka, har fata. Kada ku jira izinin kowa, kada ku jira asuba. Ku cire zobe da awarwaro da duk wani zare. Ku kwantar da hannun a kan kwali ko katako da aka shimfiɗa wa zane mai laushi, daidai da ƙirji, ba a rataye sama ba, ba kuma yana reto ba. Ban da murza, ban da gashi da ruwan zafi. Kada a ɗura wa yaro tiramadol ko maganin barci don a samu a kwanta, rufe bakin mai kiran taimako ne. Kada kuma a cika masa ciki, wataƙila za a shiga da shi tiyata. Ku nufi babban asibitin da ya fi kusa, ko da hannun ya yi kamar ya farfaɗo bayan kwancewa, domin tantanin ciki ba ku kwance shi ba. Likita ne zai tsaga shi ya ba tsoka sarari, a ɗinke daga baya. Aikin ba daɗin gani, amma da shi ake tsira da hannu, in an yi shi cikin awannin nan.

Wannan gargaɗi bai bar asibiti a baya ba. Simintin da likita ya sa shi ma yana matsewa in hannu ya kumbura. In aka sallame ku da siminti kuka ga alamun nan, ku koma a daren, ku tsaya sai an tsaga shi.

Na san abin da ke hana mutane zuwa. Akwai kuɗi, akwai layi, akwai nisa, mai ɗori kuwa yana nan bayan gida, an gaji sana'ar kaka da kakanni, abin da ka samu shi za ka bayar. Ban raina ko ɗaya ba. Amma babban dalili shi ne maganar da ake ta yaɗawa, wai asibiti yanke hannu suke yi. Ku tambayi duk wanda aka yanke wa, kwana nawa ya yi a gida kafin a kai shi. Likita ba ya yanke hannun da jini ke gudana a cikinsa saboda karaya. Ana kawo masa ne bayan hannu ya yi baƙi, ya yanke don ya ceci rai, labari ya koma ƙauye cewa an je asibiti an dawo da dungu, na gaba ya ƙara jin tsoro ya ƙara jinkiri. Garin neman gira muke ta rasa ido. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano yana aiki tun 1959, ga asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ga manyan asibitoci a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Yawancin karayar yara hoto ne da siminti, wasu a sa 'yan siraran ƙarafa da ake zarewa bayan makonni kaɗan.

In ƙashi ya huda fata kuwa, ko da ƙaramin rami ne mai ɗigar jini, ba maganar ɗori sam. Bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko baƙin mai, ko garin magani. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma rauni mai zurfi da aka rufe shi ne wurin da ta fi so. A rufe da tsabtataccen ƙyalle, kada a tura ƙashin ciki, a tafi a wanke a ɗakin tiyata, a yi allurar rigakafi. Ƙashin da ƙwayar cuta ta shiga yakan yi shekaru yana zubar da mugunya.

Ku kuma iyayenmu masu ɗori, Allah Ya ja kwana, kun fi kowa sanin cewa ƙashi da kansa yake haɗewa, aikin mai ɗori shi ne ya daidaita ya hana motsi. Matsi ba ya ƙara masa saurin kamawa ko na kwana ɗaya. Ku bar yatsu a waje inda za a gan su. Ku bar wurin da yatsa zai shiga tsakanin ɗauri da fata. Ku daina cewa kada a kwance sai kwana bakwai, ku ce a dawo muku da yaron gobe da safe. Karayar gwiwar hannun yaro, da wadda ta huda fata, da hannun da ya zo muku da sanyi, ku ce ba naku ba ne, ku tura asibiti. Ba mai ganin gazawarku a kan haka.

In kun isa asibiti, ku faɗa wa ma'aikacin farko da kuka tarar cewa an ɗaure hannun kuma yatsu sun canza. Ku faɗi ƙarfe nawa yaro ya faɗo, ƙarfe nawa aka ɗaure, ƙarfe nawa kuka kwance. Kada kunya ko tsoron faɗa su sa ku ɓoye cewa an je wurin mai ɗori, domin da awannin nan likita zai san abin da ya rage na hannun.